Shawarwari Kan Zaman Baƙi da 'Yan Gari a Lamu

Lamu tsohon garin Waswahili ne a wani tsibiri da ke gaɓar tekun Kenya, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Yawancin mazaunansa Musulmi ne, kuma da yawansu suna samun abinci daga baƙin da ke zuwa hutu daga Turai da Nairobi.

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda baƙi da 'yan gari za su zauna lafiya da juna, batun sutura aka fi daɗewa a kai. An yarda cewa kayan wanka na bakin teku ne, kamar rairayin Shela, amma wanda zai shiga lungunan tsohon gari, inda jaki ne abin hawa kuma mutum yakan goga kafaɗa da dattijo mai hanyar masallaci, ya kamata ya rufe kafaɗa da gwiwa. A ganina, mafi amfanin shawarar ita ce mai masauki ya yi wa baƙo wannan bayani cikin ladabi tun ranar da ya sauka, kafin wani ya tsawata masa a kan hanya, domin yawanci rashin sani ne ke jawo saɓani.

An kuma ja hankalin 'yan gari da kada su ɗauki kowane baƙo a matsayin mai lalata tarbiyya. Lokacin Maulidin masallacin Riyadha da kuma watan azumi, an shawarci baƙi su nemi izini kafin ɗaukar hoton mata, su kuma guji cin abinci a bainar jama'a da rana idan ana azumi.