Na rina ƙwai da zoɓo ya fito ruwan toka, ina kuskuren yake?

Maman Hanifa, Rafindadi, Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke karatu a Alƙahira ne ya turo mana hotunan bikin Shammun Nasim, wanda Misirawa ke yi ranar Litinin da ke bin Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar. Ya ce Musulminsu da Kiristansu duk fita suke yi lambuna da bakin Nilu, da kifi mai gishiri da ɗanyar albasa da dafaffen ƙwai launi-launi. Tun da Hanifa ta ɗora ido kan ƙwan nan ba ta bar ni na huta ba. Shekararta 8, ga hutun makaranta, ga zafi ya hana su wasa a waje.

Jiya na dafa ƙwai 6 na gidan gona. Uku na jiƙa a ruwan zoɓo mai kauri, ja wur, har ya kama min farce. Bayan awa guda na tsamo su, sai ga su toka-toka, ɗaya ma dabbare-dabbare kamar bangon da damina ta daka. Sauran ukun na saka a kurkum, suka fito kalar ƙasa. Yarinyar ta daɗe tana juya su a hannu, sannan ta ce, "Umma, ba irinsa ba ne." Abin ya tsaya min a rai. Ƙwai ya yi tsadar da ba zan yi ta gwaji a makance ba. Me ya cinye jan zoɓon? Kuma suna nan kan tebur tun jiya, za su ciwu?

Malam Sanusi, malamin kimiyya, Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam Hajiya. Na fara da na ƙarshen don ya fi gaggawa: kada kowa ya ci su. Dafaffen ƙwai bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ce. Mu a Afrilu muna kaiwa 40. Masu wannan al'ada bazararsu lokacin sanyi-sanyi ce da tohon furanni, ba irin tamu ba. A firij mai sanyi sosai yana kai mako guda.

Zoɓon kuma ba ki yi kuskure ba, halinsa ke nan. Jansa yana tsayawa ne a cikin tsami. Ɓawon ƙwai dangin alli ne, yana kashe tsami, shi ya sa launin ya juya toka ko shuɗi-shuɗi. Ki jefa 'yar kanwa a kofin zoɓo ki nuna wa Hanifa, za ta ga ya canza nan take.

In ja kike so, ɓawon albasa za ki nema. Masu albasa a 'Yar Kutungu sharewa suke su zubar. Cikin hannu biyu sau biyu a ruwa lita 1, ya tafasa minti 30, ki tace, ki zuba ruwan khal cokali 2. Idan ya huce ki jera ɗanyen ƙwan ciki, ki mayar wuta minti 15. Khal ɗin ne ke ɗan kankare ɓawon ƙwan har rini ya kama, in babu lemon tsami ma ya yi. Kurkum ɗinki kuwa ƙwan ne ya ci amanarsa: na gidan gona ruwan ƙasa ne tun asali, rawaya ba ta haske a kansa. Ki nemi mai farin ɓawo cikin na kajin gida.

Dakta Rahila, Katsina

Anti, mu Hausawa Kirista ba mu tashi da rina ƙwai ba. Istarmu sujada ce da dafa shinkafa da ziyarar dangi. Sai da na je karatun likita a Yukren na gani da idona. Matar da na zauna a gidanta takan dafa nata a ɓawon albasa, daidai yadda Malam ya faɗa, su fito ja mai duhu. Waɗannan na ci ne. A cocinsu ja alamar jinin Almasihu ne.

Akwai kuma na ado zalla, da suke kira pisanka, daga kalmarsu ta rubutu, domin rubuta shi ake yi da kakin zuma. Tana da wani ɗan mazurari na ƙarfe ɗaure a tsinke, ba ya kai kan biro girma. Sai ta gasa shi a harshen kyandir, ta dangwali kaki, ta ja layi siriri a jikin ƙwan. Duk inda kaki ya rufe rini ba ya shiga. Ta tsoma a rawaya, ta ƙara zane, ta tsoma a ja, ta ƙara, a ƙarshe baƙi. Kafin ta gama ƙwan ya zama wani baƙin dunƙule mara fasali. Sai ta kara shi gefen wuta tana gogewa da tsumma, zanen yana fitowa kaɗan-kaɗan, taurari da zangarniyar alkama. Ranar farko da na gani ban iya cewa komai ba. A 2024 hukumar UNESCO ta saka wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

A gida kan fil da narkakken kyandir sun isa, amma ke za ki riƙe wutar. Ki huda ƙwan sama da ƙasa da allura, ki fasa gwaiduwar, ki hure cikin a kwano a soya wa yara. Ɓawon kaɗai za a yi wa ado, kin ga ba asara, kuma zafi ba ruwansa da shi.

Hajiya Inna, Daura

'Yata, jikata ce ke rubuta mani. Ki gwada karan dafi, wanda dukawa ke jan fata da shi. Tun da ana dafa shi a sha, ba abin tsoro ba ne. Amma galura da baban rini kada su taɓa ƙwan da za a ci, ƙwai yana tsagewa ba ki sani ba. Kada kuma ki ɗauki ƙwan zabi, ɓawonsa da zane ya zo. Mu da muna yara ƙwan jimina muka sani a ƙololuwar ɗaki. In kina son fure, ki jiƙa ganyen zogale ki manna, ki naɗe tam da tsohon gyale shara-shara kafin ki dafa. Ban da gidan sauro, akwai magani a jikinsa.

Maman Hanifa

Allah ya saka da alheri, Malam, Dakta, da Inna. Na jiyan na zubar. Yau da safe Baban Hanifa ya zo da ɓawon albasa cike da leda, mai albasar har yana tambayarsa ko magani ne. Mun yi guda 4 na kajin maƙwabciyata, Hanifa ce ta tsinko zogalen ta manna, ni na ɗaure da zare. Biyu ganyen ya zame. Biyu kuwa da muka kwance gyalen sai ga reshen zogale fes, har da ɗan siririn karansa, a kan ja irin na sabon tulu. Na shafa musu ɗigon man gyaɗa suka yi sheƙi. Ta naɗe ɗaya a hankici ta ruga gidan kakarta kafin ya huce. Dakta, na sayi kyandir, ranar Asabar za mu huda ƙwai. Allurar ɗinki za ta yi, ko sai basilla?