Waɗanda suka taɓa zuwa gaɓar Sanriku a Japan, me kuka gani?

Ɗalibi a Sendai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa taka gaɓar Sanriku, wadda ta ratsa jihohin Aomori da Iwate da Miyagi, ya gaya mana yadda ya iske mutane suna zama da teku bayan igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011. Ni Taro na je, cikin birnin Miyako, inda ruwan ya haye katangar tare teku mai tsayin mita 10 da aka fara ginawa bayan bala'in tsunami na 1933. Na ga wani otal da aka bari yadda yake, benayensa na ƙasa ba komai sai ƙarafa.

Malama a Morioka:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai mutum ya ga ƙasar da idonsa zai gane dalilin ɓarnar, domin teku ya kutsa tsakanin duwatsu ya yi lunguna masu faɗin baki da ƙunƙuntar ciki, saboda haka idan igiya ta shigo sai ta matse ta yi sama. A ƙauyen Aneyoshi an kai mu wurin wani dutse a gefen hanya, wanda magabata suka rubuta gargaɗi a jikinsa cewa kada a gina gida ƙasa da nan. Sun sha wuya a 1896 da 1933, jikokinsu suka ji magana, kuma a 2011 ruwan ya tsaya bai kai ga dutsen ba.

Mai bincike a Kesennuma:
Malama, gaskiya ne, amma lungunan nan su ne abincinsu. A cikinsu ake kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, da wakame, wata ciyawar teku da ake ci, kuma a gaban gaɓar ne ruwan ɗumi na Kuroshio yake haɗuwa da mai sanyi na Oyashio, shi ya sa kifi ya yi yawa. Wani dattijon masunci ya koka mini cewa sababbin katangu sun tare masa ganin teku, kuma a ganina yana da hujja.

Malama a Morioka:
Yana da ita, Malam. A Kamaishi ma abin da ya ceci kusan dukkan 'yan makaranta shi ne horon da aka yi musu cewa kowa ya ruga kan tudu ba tare da jiran wani ba. Ƙanena, idan za ka koma, ka fara duba alamun hanyar tudu tun daga tashar jirgin ƙasa.