Nasara nawa Detroit Lions za ta samu a kakar 2025, kuma in karɓi rabin tikitin abokin aikina?

Baban Yaro

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon ƙafar Amurka, musamman mazauna Michigan. Wani abokin aikina yana riƙe da kujeru biyu na kaka a Ford Field, filin wasan Lions a Detroit, kuma da yake kuɗin ya yi masa nauyi bana, wato 2025, ya ce in karɓi wasa huɗu daga cikin takwas da Lions za ta buga a gida a kan dala 1,800, wato tikiti takwas ke nan. Wasannin da ya ware mini su ne na Browns, da Giants, da Cowboys, da Steelers. Niyyata ita ce in kai ɗana biyu daga ciki, in sayar da tikitin sauran biyun domin in rage abin da na kashe. Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne uku daga cikin wasannin sun faɗo a ƙarshen Nuwamba da cikin Disamba, lokacin da darajar tikiti take bin halin da ƙungiya ke ciki. Bara sun ci wasa 15 cikin 17, amma manyan mataimakan kocin biyu sun tafi. A ganinku wasa nawa za su ci bana? Caca ba na yi, kuma ba ita nake tambaya ba. Abokin nawa yana jiran amsa kafin watan Yuli ya ƙare.

Bakanon Dearborn

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka rubuta ka ajiye, wasa 13 ne mafi ƙaranci. Jared Goff mai jefa ƙwallo yana nan, Amon-Ra St. Brown yana nan, Jahmyr Gibbs da David Montgomery suna nan a wannan kaka ta 2025, sannan Aidan Hutchinson da ya karye a ƙafa a Dallas a watan Oktoban bara ya warke. Ƙungiyar da ta ci 15 alhali masu tsaron bayanta da yawa suna jinya, me zai hana ta idan sun dawo? Shawarata ita ce ka ɗauki wasan Packers na ranar bikin godiya (Thanksgiving, a ƙarshen Nuwamba), domin tun 1934 Lions ta fara buga wasa a wannan rana kuma tikitinsa ba ya kwantai.

Baban Yaro

Na gode Yaya, sai dai wasan Packers ba ya cikin waɗanda aka yi mini tayi. Mai kujerun ya riƙe shi tare da na Bears, da Vikings, da Buccaneers.

Malamin Lissafi

Wanda zai yi hasashe ya fara duba jadawali kafin ya duba sunayen 'yan wasa. Bana shekara ce da ƙungiyoyin NFC, ɓangaren gasar da Lions take ciki, suke buga wasa 9 a waje, 8 a gida. Bayan haka, da yake Lions ce ta zo ta ɗaya a rukuninta, ƙa'idar jadawali ta haɗa ta da waɗanda suka zo na ɗaya a nasu rukunan, wato Buccaneers, da Rams, da Chiefs. Ga inda za ta je baƙunta: Green Bay a wasan farko, sai Baltimore, Cincinnati, Kansas City, Washington, Philadelphia wadda ta ci kofin kakar 2024, Los Angeles (garin Rams), Minnesota ranar Kirsimeti, da Chicago. Bakwai daga cikin waɗannan tara sun kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale bara. Ben Johnson wanda yake tsara kai hari ya zama kocin Bears, Aaron Glenn mai tsara tsaro ya tafi New York Jets, sannan Frank Ragnow, wanda yake tsakiyar layin da ke kare Goff, ya yi ritaya a watan Yuni. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin Goff ba mai gudu ba ne, kuma ya fi shan wahala idan aka fasa layi ta tsakiya. Duk da haka ba zan ce nasarar bara sa'a ba ce, tunda sun ci maki 564 aka ci su 342. Ni a wajena 10 ne, ko 11 idan raunuka sun yi sauƙi.

Direban Tirela

Ku bar maganar 10 da 13, ku tambaye shi sunan wa yake kan asusun tikitin. A 2023 na shiga irin wannan haɗakar da wani mutum da muke lodi a wuri ɗaya. Na biya rabin kuɗin kujeru biyu tun cikin bazara, lokacin da mutane da yawa suke cewa nasara 9 da faɗuwa 8 ɗin da aka yi a 2022 tashin gwauron zabo ne kawai. Shi ya zaɓi wasanninsa, ni na karɓi ragowar, ban yi ƙorafi ba. Ƙungiya ta ci 12, ta ɗauki rukuni a karon farko tun 1993, aka ce Rams za ta zo Ford Field tare da Matthew Stafford, mutumin da ya yi shekara 12 yana jefa mana ƙwallo. Duk wanda yake garin nan a watan Janairun 2024 ya san yadda ake neman tikitin wannan wasa. Na kira shi in ji yadda za mu raba, sai ya ce yarjejeniyarmu ta wasannin kaka ce, ba ta shafi sili-ɗaya-ƙwale ba, kuma damar sayen tikitin ta mai asusu ce. Na ce to ya ba ni kujera ɗaya a farashin da ya saya, shi ya zauna a ɗayar. Ya ce zai yi shawara da matarsa. Shiru har ranar wasa. A wani masaukin direbobi a Ohio na kalli yadda aka ci Rams 24 da 23, daga baya kuma na ji a bakin wasu cewa bai ma je ba, sayar da kujerun ya yi, ya mayar da kuɗin kakarsa gaba ɗaya. Mako na gaba da Buccaneers ta zo, haka ya sake yi. Da na yi magana sai ya ce ai babu rubutu. Har yau muna haɗuwa a wajen lodi, yana yi mini murmushi yana tambayata iyali. Saboda haka ƙanena, idan ƙungiya ta faɗi kai ne za ka kwana da tikitin Disamba, idan ta yi nasara shi ne zai ci ribar Janairu.

Hajiya Mai Jinya

Allah ya huci zuciyarka, Malam Direba. Mu ma an yi wa maigidana makamancin haka, sai dai mu tun a wasan biyu muka janye. Game da farashi kuwa, dala 225 a kan kowane tikiti araha ce. A Disamban bara, wasan da Bills ta zo ta ci 48 da 42, wata abokiyar aikina ta sayar da nata a kan dala 400 kowanne, kuma kujerun a can sama suke.

Bazazzagin Toledo

Hajiya, da girmamawa, wannan wasan ne da kansa na shiga da dala 140. Na jira har saura ƙasa da sa'a ɗaya a fara, sannan na saya ta waya ina tsaye a bakin ƙofa. Masu sayarwa suna rubuta 400, amma abin da aka rubuta daban, abin da ya shiga aljihu daban, kuma dandalin sayarwar yana yankar kasonsa daga mai saye da mai sayarwa. Shi kuwa Bakano da ya ce 13, a yi masa uzuri, ɗan kasuwa ne, ya saba faɗin farashi da tsada domin a taya.

Bakanon Dearborn

Bazazzagin da ya zauna a Ohio, tsakanin Browns da Bengals, ƙungiyoyin jihar, ai dole ya ƙware wajen sayen tikiti da araha. Maganar 140 kuma ban yarda ba, sai dai idan tikitin tsayuwa ka saya, wanda ba shi da kujera. Ni na nemi na wannan wasa tun da mako guda, ban ga ƙasa da 300 ba.

Ɗan Maraɗi a Minneapolis

Ni Vikings nake goyon baya, don haka ku auna maganata yadda kuka ga dama. A 2022 mun ci 13 muka faɗi 4, kuma duk wasa 11 da aka tashi da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka mu muka ci su, amma jimillar makin da aka zura mana ya fi wanda muka zura da 3. Giants ta zo har gida ta fitar da mu, shekara ta zagayo muka ƙare da 7 da 10. San Francisco ta je wasan ƙarshe a kakar 2023, a 2024 ta ci 6 kacal. Washington ta tashi daga nasara 4 zuwa 12 cikin shekara guda, sannan ta zo Detroit a wasan sili-ɗaya-ƙwale ta ci ku 45 da 31. Wasa 17 sun yi kaɗan a gina lissafin kuɗi a kansu. Hatta masu shirya caca, waɗanda wannan ce sana'arsu, sun tsayar da Lions tsakanin 10 da 11 ne.

Hajiya Mai Jinya

Don Allah kada a jawo mana caca cikin zance. Tun da aka buɗe ta ta intanet a Michigan a Janairun 2021 muke ganin yadda take cinye albashin matasa. Baban Yaro, ina ba ka shawara ka nisance ta.

Baban Yaro

Hajiya, na faɗa tun farko cewa ba na yi. Abin da nake son sani shi ne ko a ranar da Steelers za ta zo, Lions tana da sauran abin da take nema.

Dattijon Southfield

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na lura mafi yawanku kun fara son ƙungiyar nan ne bayan zuwan koci Dan Campbell a 2021. Ni ina garin nan Barry Sanders, tauraron Lions, ya ajiye ƙwallo a 1999 ana gab da fara atisaye. Ina nan a 2008 aka buga 16 aka faɗi 16, bayan an ci duk wasannin gwaji huɗu, har wasu wasannin gida ba a nuna su a talabijin a Detroit ba saboda tikiti bai ƙare ba. A shekarar, maƙwabcina kyauta yake raba nasa kuma sai ya yi roƙo ake karɓa. Rabon Lions da kofi tun 1957, kuma ba ta taɓa zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, ba. Wanda bai ga waɗannan shekaru ba bai kamata ya ba wani shawarar fitar da dala 1,800 ba, balle mutumin Minneapolis da muka ci 31 da 9 a makon ƙarshe na bara. Malamin Lissafi kuma ina son in ji ko ya taɓa shiga Ford Field ya ji ƙarar mutane, ko a takarda yake kallon ƙwallonsa.

Malamin Lissafi

Baba, ban musa maka daɗewa ba, amma babu ɗan wasan Lions ko ɗaya na 2008 da zai sa kwalkwali bana, don haka wannan shekarar ba ta faɗa mana komai game da Disamba mai zuwa. Ƙarar mutane kuma tana nan a daren da Washington ta zo, amma aka ƙwace wa Lions ƙwallo sau biyar. Ga abin da ya shafi mai tambaya kai tsaye: Cowboys da Steelers suna da magoya baya masu bin su ko'ina, kuma Pittsburgh, garin Steelers, tafiyar mota ce ta 'yan sa'o'i daga nan. Ko Lions ta yi rauni, waɗannan biyun su ne suka fi sauƙin sayarwa. Ya kai yaro wasan Browns da na Giants. Sai dai ya lura cewa wasan Cowboys daren Alhamis ne.

Dattijon Southfield

Kowace shekara sai an ce wannan ƙungiyar daban ce. An faɗa mana haka a 2011 da muka ci 10, shekarar da ta biyo baya muka ci 4.

Direban Tirela

Har yanzu babu wanda ya tambayi Baban Yaro abin da na ce. Ka sa ya rubuta maka cewa idan an samu wasan Janairu a gida, kujera ɗaya taka ce a farashin asali, kuma ya turo maka tikitinka takwas cikin wayarka ranar da ka biya. Idan ya fara cewa ai mu 'yan'uwa ne, ka riƙe kuɗinka. Sannan duk lissafin da kuke yi babu wanda ya saka kuɗin ajiye mota.

Bazazzagin Toledo

Wannan kam gaskiya ce. Filin da nake ajiye mota da dala 20 a ranar aiki, ranar wasa 60 suke karɓa, kuma allon farashin da alli ake rubuta shi, ana gogewa ana ƙarawa yayin da lokaci yake matsowa.

Hajiya Mai Jinya

Dala 60 ai ka samu rahusa. Mu 80 muka biya, muka fito muka tarar an jera motoci uku a bayanmu, mai filin kuma ya tafi da makullai. Sai da muka yi kusan sa'a biyu cikin sanyi da yara, ga shi ina da aikin asuba.

Bakanon Dearborn

Laifin na masu son ajiyewa a bakin ƙofa ne. Ku bar mota can wajen Midtown ku hau jirgin QLine da yake bin titin Woodward, ku sauka kusa da Grand Circus Park ku ƙarasa da ƙafa.

Direban Tirela

Wani abokina ya bi irin wannan shawarar, ya bar motarsa a wani fili da wani mutum sanye da rigar ma'aikata ya karɓi kuɗinsa ya ba shi takarda. Da ya dawo babu mota, babu mutumin, ashe filin ba nasa ba ne, masu shi sun kira an ja motocin duka. Akwai wanda ya san nawa ake biya yanzu kafin a sako motar da aka ja a cikin gari, kuma suna buɗewa ranar Lahadi da dare?