Tashar kwana-kwana a kulle, to wa ke kashe gobarar?

Baban Ilham:
Salamu alaikum. Ban jima da komawa wani ƙaramin gari a arewacin Sikotlan ba. Akwai tashar 'yan kwana-kwana a bakin titinmu, amma kullum ƙofa a rufe, babu ko mai gadi. Ta gilashi kana hango jar mota ɗaya, rigunan wuta rataye a jere, takalma a ƙasa an riga an zura wanduna a cikinsu. Idan wuta ta tashi da dare, daga ina mutanen za su fito?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Baban Ilham, mutanen suna nan, ƙila ma wanda ke gyara maka mota yana cikinsu. Yawancin tashoshin karkarar Sikotlan haka suke: ma'aikatan suna da sana'arsu, sai dai kowa na yawo da 'yar na'ura a ƙugu. Da ka kira 999, ɗakin karɓar kira zai kaɗa musu ita, su ajiye abin da ke hannunsu su ruga tasha. Shi ya sa ba a ɗaukar mutum sai gidansa ko wurin aikinsa na kusa. Wandon da ka gani a kan takalmi kuwa dabara ce, mutum ya zura ƙafa ya ja sama, ya shirya. A manyan birane irin su Gilasgo ne ake da masu kwana a tasha bi da bi.

Hukumar kanta ba ta daɗe a wannan siffar ba. Da can yankuna takwas ne kowa da tasa, irin su Strathclyde da Tayside da Grampian, sai ranar 1 ga Afrilu 2013 aka haɗe su wuri guda, rana ɗaya da 'yan sandan ƙasar. Hedikwata tana Cambuslang kusa da Gilasgo. Ni dai har yanzu ina da ja a kan haɗewar, don wanda ya san lungun ƙauye ya fi wanda ke kallonsa a allon kwamfuta.

Maman Sadiq:
Malam Habu, nan kam ban bi ka ba. Ambaliya ko wutar daji ba ta san iyakar yanki ba, yanzu kwale-kwale da kayan ceto ana tura su duk inda ake buƙata ba tare da roƙon maƙwabta ba. Kuma aikin ba gobara kaɗai ba ne, su ne ke yanka mota su zaro wanda hatsari ya maƙale.

Tarihinsu ma ya yi nisa. Edinbura ta kafa tata tun 1824 a ƙarƙashin James Braidwood, wanda daga baya ya shugabanci ta Landan, ya rasu a gobarar titin Tooley a 1861 da bango ya faɗo masa. A Gilasgo kuma, gobarar rumbun giya a titin Cheapside a 1960 ta ci mutum 19 cikin masu aikin kashe ta.

Baban Ilham, ka nemi su zo duba gidanka, kyauta ne. Tun Fabrairun 2022 doka ta ce ƙararrawar hayaƙin gida a haɗe take, ɗaya ta yi ƙara duk su ɗauka.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Tamu ta falo da ta kicin kowacce kukanta daban take yi, gobe zan yi wa mai gidan magana.