Muhawara: Kwamfuta ta fi idon ƙwararre iya sayen ɗan wasa?

Injiniya Sabo: Salamu alaikum jama'a. Ga abin da na tsaya a kai: a ƙwallon Turai ta yau, kulob ɗin da ke bin alƙaluma ya fi mai bin idon masu farautar 'yan wasa iya ciniki. Ku dubi Brentford. Mai ita, Matthew Benham, da lissafin cacar wasanni ya tara dukiyarsa. A 2016 suka rufe makarantar renon yara, suka koma neman waɗanda kasuwa ta raina. Sun ɗauko Ollie Watkins daga Exeter a 2017 kan abin da bai kai fam miliyan 2 ba, Aston Villa ta biya miliyan 28 a 2020. A 2021 suka hau Firimiya. Brighton ta Tony Bloom ta sayi Caicedo daga Ekwado kan wajen miliyan 4, Chelsea ta ɗauke shi a 2023 kan cinikin da ya kai miliyan 115. Wane ido ne ya yi wannan?

Koci Garba: Wa alaikumus salam. Injiniya, waɗanda suka ci riba kawai ka lissafo. Koma Liverpool ta 2011, lokacin daraktan ƙwallonta Damien Comolli, wanda shi ma mutumin alƙaluma ne. An ba da fam miliyan 35 kan Andy Carroll saboda ya iya cin ƙwallo da ka, aka ƙara wajen miliyan 20 kan Stewart Downing saboda yawan kurosin ɗinsa. A takarda hanta ta haɗu da jini. A fili Downing ya gama kakar Firimiya ta 2011/12 bai ci ko ɗaya ba, bai ba da an ci ko ɗaya ba. Watan Afrilun 2012 aka sallami Comolli.

Hajiya Bilkisu: Koci, wannan misalin naka ai hujjar Injiniya ce. Abin da aka ƙirga a lokacin yawa ne, ba daraja ba. Ma'aunin xG, wato yiwuwar bugu ya shiga raga, ya zo ne don gyara wannan. Ana tara dubban ɗaruruwan bugu da aka taɓa yi zuwa raga, a rarrabe su: nisa daga raga, faɗin kusurwar da mai bugu ke gani, da ƙafa ne ko da ka, da irin fasin ɗin da ya kawo ƙwallon. Sai a duba nawa cikin ɗari suka shiga. Fenareti wajen 0.76 zuwa 0.79 ne. Bugu daga nesa, bayan yadi na 18, galibi wajen 0.03. Daga wuri guda, ta ka ba ta kai ta ƙafa shiga ba. Da an auna haka, da an gane cewa gina kulob kan kurosin da kan mutum ɗaya tara ƙananan damarmaki ne kawai.

Koci Garba: To Hajiya, wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2022 fa? Liverpool ta buga zuwa raga sau 24, Real Madrid 4. Courtois ya tare 9, Vinícius ya ci ɗaya, kofi ya tafi Madrid.

Hajiya Bilkisu: Babu mai hankalin da ke yanke hukunci da xG na wasa ɗaya. Ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci, sa'a tana da babban rabo a minti 90. Sai an tara wasanni masu yawa yake magana. Dortmund ta Klopp a 2014/15 ta taɓa zama ta ƙarshe a tebur, ta gama a ta 7. Ian Graham, shugaban sashen bincike na Liverpool a lokacin, ya bi damarmakin da suka samu da waɗanda aka samu a kansu, lissafinsa ya nuna wasansu na ta biyu ne, rashin sa'a ya ja su ƙasa. A Oktoban 2015 Liverpool ta ɗauki Klopp. Mai kallon tebur da ido da cewa zai yi tauraruwarsa ta dushe.

Malam Tukur: Ku ba ni dama in faɗi yadda aikin yake tafiya, don kamar kuna ɗauka zaɓi ne tsakanin biyu. Da farko koci zai faɗi abin da yake so, misali ɗan tsakiya mai ƙwace ƙwallo, ƙasa da shekara 23. Sashen alƙaluma zai tace 'yan wasa dubbai. Wanda bai buga kamar minti 900 ba a ajiye shi gefe, don alƙalumansa ba su nuna ba. Sauran a mayar da komai bisa kowane minti 90, kada mai shigowa canji ya cutu. Daga nan a gyara da yawan riƙon ƙwallo, kuma a nan ne da yawa ke faɗawa rami: mai tsaron bayan da kulob ɗinsa ba ya riƙe ƙwallo dole ya tara ƙwace da yawa, ba don ya fi na Manchester City ba, sai don shi ake kai wa hari kullum. Sannan a rage ko a ƙara gwargwadon ƙarfin gasar, ci 15 a Holan ba ɗaya yake da 15 a Ingila ba. Abin da ya rage, mutum ashirin ko talatin, a kalle su a bidiyo, irin na kamfanin Wyscout mai tara bidiyon wasanni. 'Yan kaɗan na ƙarshe a tura mutum filin wasa, a tambayi halinsu, likita ya duba gwiwa da tarihin rauni. Kwamfuta ce ke tankaɗe, mutum ne ke sa hannu a takarda.

Injiniya Sabo: Malam, ai ka gama mini aiki. Matakin da ya fi wuya, zaƙulo talatin daga dubbai, kwamfuta ce ta yi.

Koci Garba: A inda akwai kamara ba. Frank Onyeka ɗan Najeriya ne, ya je Brentford a 2021 daga Midtjylland ta Denmak, wadda Benham ke da mafi yawan hannun jari a lokacin. Amma daga FC Ebedei ta jihar Ogun ya isa Denmak, kuma babu kamfanin da ke ƙirga fasin ɗinsa yana yaro. Mutum ne ya tsaya bakin fili ya ce wannan zai yi. Ita kanta Brighton ba ta amince da lissafinta ɗari bisa ɗari ba: Caicedo sai da aka kai shi aro Beerschot a Beljiyam, Mitoma kuma Union Saint-Gilloise.

Hajiya Bilkisu: Wannan gaskiya ne, kuma zan ƙara maka wani rauni. Yawancin alƙaluman da ake sayarwa abin da ya faru da ƙwallo suke rubutawa, alhali ɗan wasa 'yan mintoci kaɗan take ƙafarsa a duk wasan. Gudun da ya ja mai tsaron baya ya buɗe wa wani hanya ba ya fitowa. Fas mai haɗari da ya wuce gaban raga ba wanda ya taɓa, xG ɗinsa sifili. Kamfanoni biyu ma sukan ba bugu ɗaya daraja daban, don wani ya san inda gola da masu tsaron baya suke tsaye, wani bai sani ba. Sai dai giɓin yana rufewa. A Kofin Duniya na Qatar 2022, kamara 12 ce ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, na'urar cikin ƙwallon tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Don satar gida aka kafa su, amma irin wannan bayanin ne ke nuna motsin wanda ba ya riƙe da ƙwallo.

Malam Tukur: Akwai kuma abin da Injiniya bai taɓo ba. Ribar Brentford ta zo ne lokacin da 'yan kaɗan ke wannan lissafi. Yanzu manyan kulob duk suna da sashen, kusan kamfanoni ɗaya suke saya wa bayanai. In kowa ya ga yaron a rana ɗaya, farashinsa ya tashi, arha ta ƙare.

Injiniya Sabo: Bayanai ɗaya ne, lissafin da ake ɗora musu ba ɗaya ba. Bloom ba ya nuna wa kowa nasa. Kuma Chelsea da ke da kuɗin sayen kowace na'ura, me ya hana ta ganin Caicedo tun yana miliyan 4?

Koci Garba: Wataƙila ta gan shi. Chelsea ba ta da haƙurin ajiye yaro ɗan shekara 19 a Beljiyam tana jira, kocinta zai rasa aikinsa kafin yaron ya nuna. Wannan kuma shawarar mai kulob ce, Injiniya, ba ta kwamfuta ba.