Na canza man sitiyari, yanzu famfon sai kuka yake yi

Salamu alaikum. Masu sanin mota, ku taimaka, abin ya ishe ni.

Motata fowil ce mai injin dizal. Man sitiyarinta ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, sai na ce bari in canza da kaina. Na zuƙe na cikin robar da ake zuba man da sirinji, na cire tiyon da ke dawo da mai na sa bakinsa a gora, na ɗaga gaban motar da jak. Man Dexron III na zuba, kamar yadda littafin motar ya ce.

Inda na yi ganganci shi ne na tayar da injin. Kafin in kai hannu in ƙara mai, robar ta ƙafe ƙaf, famfon da ke tura man sitiyarin ya shaƙi iska.

Tun daga nan in na murza sitiyarin sai ƙara kamar injin niƙa, ga nauyi da safe. Man kuwa ya koma ruwan hoda, duk kumfa.

Na kashe injin na murza sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe fiye da sau 30, tayoyi a sama. Na bar ta ta kwana, kumfar ta kwanta, amma minti 2 da tayarwa ta dawo. Bel ɗin da ke juya famfon lafiya lau, na ƙara ɗaure kilif ɗin tiyo, ko ɗigo babu a ƙasa.

Kafin in sayi sabon famfo, yaya zan gane ko iska ce ke shiga ta tiyon da ke kai mai, ko kuwa famfon ne na ƙona?