Ɗakin auta: fari da ruwan toka, ko launi?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Biki ya matso, ya kamata a tsayar da maganar fentin ɗakin auta. Ni dai a yi bango fari tas, labule da kujeru ruwan toka, a yi silin na POP. Launi mai ƙarfi a bango ƙauyanci ne, zamaninsa ya wuce.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ke 'yar nan, ƙauyanci kika ce? Je ki tsaya a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ki ɗaga kai. Ja, kore, shuɗi, rawaya, ga dagi ya zauna daram a tsakiya. Can ma ƙauye ne? Mu da aka yi mana jere, bango guda ake cikawa da kwanukan samira da tasoshi, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne da furensa. Kafin mu ma ƙore ake jerawa da faya-fayai masu rini. Yanzu ka shiga ɗakin amarya goma duk iri ɗaya, kamar ɗakin jiran likita.

Kawu: Gwaggo, ku yi haƙuri in ɗan gyara muku. Launukan nan masu sheƙi da ake gani a fuskar fada fentin kanti ne, daga baya suka zo. Maginan zamanin da, ƙasar kanta suke sarrafawa. Tun yaɓe na ɗanye suke tayar da zane da hannu, su shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta ba bango ja mai duhu, ta kuma kare shi daga ruwa. Rufi kuma laso ake masa, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, abin da ke kama ido a cikinsa bakan gizo ne, wato lanƙwasassun ginin da ke ɗauke da rufi, da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai, ba yawan launi ba.

Yaya Babba: To kun gani, Gwaggo. Kawu ma ya goyi bayana.

Kawu: Ban goyi bayanki ba, 'yata. Ko da sun shafa farar ƙasa, bangonsu yana da tudu da kwari, hasken rana na juyawa inuwar zanen na juyawa, da safe daban da la'asar daban. Naki farin a miƙe yake sumul, ido ba ya samun wurin tsayawa. Kuma ba gudun launi suke ba: a ƙololuwar tulluwa sukan liƙa tasa ko faranti mai fure. Da siminti ya shigo, a Zariya har keke da mota da jirgin sama aka riƙa zanawa a ƙofar gida. Mutanen Damagaram ma, a unguwar Birni, gidajensu na nan da zanensu.

Anti mai ɗinki: Ni fa a wani ɓangaren ina tare da Yaya, amma ba don ƙauyanci ba. Ku duba akwatin amarya: atamfa, leshi, shadda mai rini, babu mai sanyin launi a ciki. In bango kore ne shar, ta saka atamfa ruwan goro ta zauna a gabansa, ƙawaye kuma sun zo cikin anko, wallahi ido gajiya yake, hoto ma ba ya fita. Bangon da ya lafa shi ke barin tufafi su yi magana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan toka ko'ina. Wace amarya kuka taɓa gani ta zaɓi ruwan toka ranar kamu?

Gwaggo: Allah ya yi miki albarka. Mutanen da suka riƙe marinar Ƙofar Mata tun 1498, suna haɗa baba da toka da kanwa, a rina, a kai wa masu bugu har zane ya riƙa ƙyalli, yau jikokinsu ke tsoron shuɗi a ɗaki.

Ɗan autan Kawu: Tunda ni zan riƙe buroshi, bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Fari na da amfani guda da ba a musu: yana mayar da haske, ko an ɗauke wuta ɗakin ba ya duhu da wuri. Amma da hunturu ya shigo ƙura ta fara sauka, sai ya koma ruwan ƙasa, kuma duk hannun da ya dafa kusa da makunnin fitila sai ya bar shaida. Ruwan toka a ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya yana ƙara masa ƙunci. Fentin mai yana wankuwa, sai dai in bango na da danshi kumbura yake ya ɓare, kuma filastan ɗakin nan sabo ne, yana buƙatar makonni ya bushe. Wani abu kuma, launin da kuka gani a ɗan katin kanti ya fi ƙarfi in ya cika bango. A bari in shafa kaɗan a kusurwa, ku gani da rana, ku gani da fitila.

Yaya Babba: Ƙura ai a kowane launi take sauka. Kuma gidan haya ne, mai gida ba zai yarda a tayar masa da zane a bango ba.

Kawu: Wannan gaskiyarki ce. Amma masu POP ɗin naki da filasta suke zuba fure a sili. Wanda ya iya zuba furen Turawa zai iya zuba dagi a allo, a rataye, ranar tashi a sauke.

Auta: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Gwaggo, Kawu, Yaya, ku gafarce ni. Ni ruwan madara nake so a bango uku, na bayan gado kuma shuɗin marina. Faya-fayan Inna guda biyar ɗin nan a rataye mini su a kai. Kujerun ruwan toka na yarda, tunda Yaya ta riga ta biya kafin alƙalami.

Yaya Babba: Shuɗin zai cinye hasken ɗakin, na faɗa miki. Ban sauka ba sai na ga gwajin da idona.

Gwaggo: Ni kuma kabad ɗin kwanuka sai ya shiga, ko a falo ne.

Ɗan autan Kawu: To Asabar bayan azahar zan zo da gwangwani uku ƙanana. Yaya, ki taho da ƙyallen labulen a kara shi a jikin bango.